AMSAR WASIƘUNKU: Shin Nauyin Mota Yana Hana Ta Zamewa A Kan Ƙanƙara?

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da tsawo, kuma akwai rai a cikinta. Waɗanda suka aiko da tambaya a kan taki da maganin ƙwarin wake su yi mini haƙuri, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Wasiƙar ta fito ne daga wani dattijo, manomi kuma mai sayar da hatsi a ƙasar Gumel. Ya ce kada a faɗi sunansa, to, ba za mu faɗa ba. Jikansa ne ya rubuta masa, da kyakkyawan rubutu kuwa, irin wanda da a ajina yaron yake lokacin da nake koyarwa, da na ba shi tara cikin goma. Ga abin da Alhaji ya ce a taƙaice. Yana da ɗa direba, wanda ya yi shekara 11 yana jan tirela tsakanin Arewa da Ikko. Allah ya yi masa hanya ya tafi ƙasar Norwe, can ƙuryar arewacin Turai. Ya sake koyon tuƙi, ya sami lasin irin nasu, yanzu kuma an ba shi babbar motar kaya mai aiki da batir, ba ta shan fetur ba ta shan gas, caji kawai ake yi mata. Aikinsa shi ne rarraba kaya a shaguna daga birnin Oslo zuwa garuruwan da ke kewaye. Bana ne zai fara shiga lokacin sanyi da wannan mota. Mahaifiyarsa ta ga hotunan manyan motoci a waya sun zame sun faɗa gefen hanya, tun daga ranar barci ya ƙaurace mata. Da suka yi wa yaron magana sai ya yi dariya, ya ce su kwantar da hankalinsu, motarsa ta fi mai shan gas nauyi, nauyi kuwa shi ke danne mota a kan hanya. Shi ne Alhaji yake tambaya: "Malam, gaskiya yaron nan ya faɗa, ko kuwa lallashinmu yake yi?"

To, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Yaronka ba ƙarya ya yi maka ba, amma rabin gaskiya ya faɗa. Wannan rabin kuwa shi ne yake ba ni tsoro, domin shi ke sa ƙwararren direba ya saki jiki.

Bari mu fara da ita ƙanƙarar, don mu san abin da muke magana a kai. Mu a nan in an ce ƙanƙara, ko dai wadda ake sayarwa a kasuwa da azumi, ko kuwa wadda ke faɗowa kamar tsakuwa da farkon damina ta ɓarnata shuka. A can ba haka abin yake ba. Ruwa yana daskarewa ne idan ma'aunin zafi ya sauko kan sifiri, su kuwa sai su yi watanni ma'aunin yana ƙasa da sifirin. Abin da ke sauko musu daga sama shi ne dusar ƙanƙara, fara fat, mai laushi kamar sabuwar auduga. In tana sabuwa taya tana ɗan samun abin kamawa. In motoci suka tattake ta sai ta daddaɓe kamar daɓen ɗaki, santsi ya ƙaru. Amma mugun ciki shi ne na uku. Wato ruwa ya kwanta a kan kwalta, ko dusar ta narke da rana, sannan dare ya yi ya daskare, ya zama wani siririn gilashi. Turawa na kiranta baƙar ƙanƙara, ba don baƙa ba ce, sai don kana hango baƙin kwalta ta cikinta. Direba ya duba ya ga kamar hanya ce aka yi wa yayyafi, alhali kuwa madubi ne aka shimfiɗa masa.

Wani abin mamaki, ba ranar da aka fi tsananin sanyi ne aka fi santsi ba. An fi santsi ne lokacin da ma'auni ke wasa kusa da sifiri, domin a lokacin ne ruwa ke kwanciya a bisa ƙanƙarar, ya zama kamar an zuba miyar karkashi a kan siminti. Gada kuma ita ke fara daskarewa kafin sauran hanya, saboda iska mai sanyi na bi ta samanta da ƙarƙashinta. Haka nan inuwar dutse da ta itatuwa, da bakin tafki. Hukuma tana zuba gishiri da yashi a manyan hanyoyi, gishiri yana narkar da ƙanƙara, amma in sanyi ya yi tsanani shi ma ƙarfinsa raguwa yake yi, kuma ba kowane lungu ake kai wa gare shi ba.

Yanzu sai batun nauyi. A nan yaronka ya yi gaskiya, motar batir ta fi 'yar'uwarta mai shan mai nauyi. Kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin, maƙwabciyar Norwe, ya fara ƙera manyan motocin kaya masu batir da yawa a shekarar 1922? A'a, ku gafarce ni, 2022, harshe ne ya zame tun ba mu hau ƙanƙarar ba. Irin waɗannan motoci suna ɗaukar ƙunshin batir har guda 6, kowane ɗaya kimanin kilo 500. Alhaji, kai da ka san buhu, wannan buhun masara 30 ke nan, tun ba a yi lodin ko tsinke ba. Ƙananan ma haka ne. A watan Janairu na 2023 shugabar hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, Jennifer Homendy, ta ja hankalin jama'a kan wata mota mai suna Hummer mai batir, wadda nauyinta ya haura kilo 4,000, batirinta kaɗai kimanin kilo 1,300, wato nauyin wata ƙaramar motar sukutum.

Wannan nauyi yana da amfani wajen tashi. Duk direba ya sani, motar da babu kaya a bayanta ita ta fi saurin kafewa a laka, taya na juyawa a banza. Aka ɗora mata kaya a saitin tayoyin da ke ja, sai ta kama ƙasa ta fita. Bugu da ƙari, a yawancin motocin batir ana ajiye batirin ne can ƙasa, saboda haka ba su da saurin kifewa. Direba na jin mota ta zauna daram, ba ta rawa, ba ta ƙara. To, ga tarkon nan. Mota ta tashi lafiya lau, sai zuciya ta ce masa ai hanya kalau take.

Amma tashi daban, tsayawa daban. Ka ɗauki ɗan dako da buhun gero a ka, ya taka simintin nan da muka zuba wa karkashi. Buhun zai hana shi zamewa? Ko kusa. Gaskiya ne buhun ya ƙara danna ƙafarsa a ƙasa, amma kuma buhun nan shi ne ƙarin abin da ƙafar za ta tsayar. Abin da nauyi ya ba ka da hannun dama, ya karɓe da na hagu. Abin da ya rage kawai shi ne, in an faɗi, faɗuwar mai buhu ta fi muni, kuma duk wanda ya faɗa wa ya shiga uku. Haka mota take. Nauyi ba ya rage nisan da za ta yi kafin ta tsaya. Manyan motoci ma sun fi ƙanana dogon birki. A kwana kuwa, nauyin nan so yake ya miƙe sak, ba ruwansa da inda sitiyari ya juya.

Bari in ba ku lissafi, irin na allo da alli. Ƙaramar mota mai gudun kilomita 50 a awa, a busasshiyar kwalta, daga lokacin da birki ya kama za ta tsaya cikin mita 12 zuwa 14. A kan dusar da aka tattake, sai ta yi kusan mita 40. A kan gilashin ƙanƙara kuwa tana iya kai wa mita 100, tsawon filin ƙwallo ke nan, tana tafiya kana kallo. Shi ya sa littafin dokokin hanya na Ingila ya ce nisan tsayawa a kan ƙanƙara na iya ninka na kullum har sau 10. Ga kuma ƙa'idar da nake so kowane direba ya haddace, har masu babur na nan gida: in ka ninka gudu sau biyu, nisan birki ba sau biyu yake ninkuwa ba, sau huɗu ne. In ka raba gudu biyu, nisan birki ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka maganin da ya fi kowane araha yana ƙarƙashin ƙafar direba. Tazara kuma, in motar gaba ta wuce wata alama, ya ƙirga a nitse har zuwa goma kafin shi ya iso wurin. A hanyar Ikko in ka bar irin wannan fili wani ne zai kutso ya cike shi, na sani. A can ba a yi maka hon don ka bar tazara.

To, in ba nauyi ke riƙe mota ba, mene ne? Taya. Duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce tafin hannu ɗaya ko biyu ba. Robar tayar da muka sani in ta sha sanyi tauri take yi kamar busasshiyar fata, ba ta kama komai. Tayar sanyi kuwa da roba mai laushi ake yin ta, ga ƙananan tsage-tsage barkatai masu cizon ƙanƙara. Akwai kuma mai ƙananan ƙusoshi a jiki. A Norwe wannan ba ganin dama ba ne, doka ce. Motar da nauyinta ya wuce kilo 3,500 tilas ta sa tayoyin sanyi daga 15 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, kuma zurfin zanen tayar kada ya gaza milimita 5, wato rabin santimita a jikin rular 'yan makaranta. Suɗaɗɗiyar taya irin wadda muke cewa a lallaɓa ta ƙara kai mu kasuwa ɗaya, a can ita ce za ta sa ma'aikatan hanya su ajiye motar a gefe. Mai ƙusoshi kuwa an yarda da ita daga 1 ga Nuwamba zuwa bayan bikin Ista, kuma a cikin Oslo sai an biya kuɗi, domin tana cin kwalta tana ta da ƙura.

Daɗin daɗawa, babbar mota tilas ta riƙa yawo da sarƙoƙin da ake ɗaura wa taya, aƙalla 3, mai jan wata a baya kuwa har 7. A gindin manyan tuddai akwai filin da aka keɓe don tsayawa a ɗaura su. A nan nake so Alhaji ya yi wa yaronsa tambaya ɗaya: ka taɓa ɗaura sarƙar nan da hannunka? Ba gani a hoto ba, ɗaurawa. In bai taɓa ba, ya gwada a harabar wurin aiki, da rana, sau uku ko huɗu. Tsakiyar hawa, cikin duhu, yatsu sun ƙage, mota na neman komawa da baya, ba wurin koyo ba ne. Kuma a ƙasa ake ɗaurawa kafin a fara hawa. A can babu yaron mota da zai diro da gudu ya sa weji.

Yanzu mun zo inda motar batir ta sha bamban da tirelar da yaronka ya saba da ita, kuma a nan ne shekarunsa 11 za su iya cutar da shi maimakon su taimake shi. Ku ƙara kasa kunne.

Na farko, totur. Motar gas in ka taka, sai inji ya yi gurnani, ƙarfi ya taso sannu a hankali. Injin lantarki kuwa ba ya jira. Daga tsaye yake ba da ƙarfinsa gaba ɗaya, kamar ka kunna fitila. Ga shi babu kuloci da za ka riƙa saki kaɗan-kaɗan, babu dabarar nan ta tashi da giya ta biyu. Ka taka da ƙarfi a kan ƙanƙara, taya ta juya a banza, ta goge wurin ya ƙara sulɓi. Motocin suna da na'urar da ke rage ƙarfi in taya ta fara juyawa a banza, da yawa kuma suna da maɓallin tuƙin tattali ko na lokacin sanyi, wanda ke sanyaya totur. Ya yi amfani da shi, kuma ya riƙa taka totur kamar mai taka ƙaya.

Na biyu shi ne babba. Tsofaffi za su tuna da ɗan injin fitilar keke, dainamo, wanda ake jinginawa a jikin taya. Da zarar ka jingina shi fitila ta kama, amma sai ka ji keken ya yi nauyi, kamar wani na riƙe da shi ta baya. To, motar batir haka take yi. Da direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin sai ya rikiɗe ya zama dainamo, tayoyi su riƙa juya shi, yana mayar da wuta cikin batir, motar kuma tana rage gudu. Dabara ce mai kyau, tana ƙara nisan tafiya, tana rage cin birki. A wasu motocin ma kana iya yini ba ka taɓa birki ba sai nadiran. Amma ku lura da ma'anar wannan: a motar batir, ɗaga ƙafa taka birki ne. Kuma birkin nan ba a dukkan tayoyi yake kamawa ba, sai a tayoyin da injin ke ja, waɗanda a manyan motocin kaya na baya ne.

Ku kwatanta abin a ranku. Direba ya shigo kwana, ya ji mota ta ɗan yi sako-sako. Me jikinsa zai yi tun kafin ya yi tunani? Zai fizge ƙafa daga totur. A tsohuwar motarsa wannan daidai ne. A wannan kuwa, ya taka wa tayoyin baya birki ke nan a tsakiyar kwana a kan gilashi. Sai baya ya ce shi ma gaba yake so. Gaskiya ne sababbin motoci suna da na'ura mai ganewa ta saki birkin in taya ta fara zamewa, amma sai an fara zamewar take ganewa, kuma a ƙunƙuntar hanya taƙi ɗaya ya isa. Saboda haka ranar santsi, direba ya rage ƙarfin wannan dainamo zuwa mafi ƙanƙanta, ko ya kashe shi in motar ta yarda. Wannan ba sabon abu ba ne ga direbobin manyan motoci na can, domin ko birkin inji na motar gas haka ake koya musu su yi hattara da shi a kan ƙanƙara. Na'urar nan mai riƙe gudu da kanta ita ma a kashe ta. Rage gudu kuwa a yi shi tun mota na miƙe, kafin a shiga kwana. Gangara ma tun daga samanta ake shigarta a hankali, ba sai an kai tsakiya ba a fara neman birki.

Akwai kuma kishiyar wannan matsala, wadda ba kowa ya san da ita ba. Batirin da ya cika maƙil, ko wanda ya kwana cikin sanyi, ba ya karɓar wuta sosai. Tulun da ya cika ina za ka ƙara masa ruwa? To, in batir ya ƙi karɓa, dainamon ba ya riƙe mota. Ga direba ya fito da asuba da cikakken caji, ya saba kullum in ya ɗaga ƙafa mota na lafawa, yau ya ɗaga, mota ta ci gaba da sulalawa abinta. Wato ƙafa ɗaya, ɗagawa iri ɗaya, amma da safe wani abu, da rana wani abu daban. Akwai alama a allon gaban direba da ke nuna haka. Ya san ta, ya riƙa dubawa kafin ya bar gareji. Ina kuma ba shi shawarar abin da direbobin can ke yi: da fitowa, a miƙaƙƙiyar hanya, ba kowa a baya, yana tafiya a hankali, ya ɗan taɓa birki ya ji yadda ƙasa take a ranar.

In kuma tsayawar gaggawa ta kama fa? Da can ana koya wa direbobi su riƙa taka birki suna saki, suna takawa suna saki. Motocin yanzu suna da na'ura mai suna ABS da ke yin wannan da kanta, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, don kada taya ta ƙulle. Abin da ake so shi ne ka taka da ƙarfi ka riƙe, ko ka ji ƙafarka na karkarwa ko ƙara na tashi, kada ka saki, sannan ka juya sitiyari ka kauce. Sai dai a sani, aikinta shi ne ta bar maka ikon juya mota. Ba ta mayar da ƙanƙara kwalta. In kuwa bayan mota ne ya fara gocewa, kada a fizgi komai. Direba ya kafa ido a inda yake son zuwa, ba a ramin da yake tsoro ba, domin hannu ido yake bi. Ya juya sitiyari can a hankali, ya sassauta ƙafa zuwa daidai inda motar ba ta ja kuma ba ta riƙewa. Faɗa da baki yana da sauƙi. Shi ya sa a Norwe ba a ba mutum lasin sai ya je wani fili na musamman da aka mayar mai santsi, ya zame da gangan a gaban malami. Yaronka ya bi ta nan, Alhaji, wannan ya kwantar maka da hankali kaɗan. Amma yini ɗaya a filin koyo ba ya goge sabon shekara 11.

Shirun motar batir ma yana da fuska biyu. Tun da babu rurin inji, direba na iya jin ƙarar tayoyinsa sosai. A jiƙaƙƙiyar kwalta taya tana "shaaa". In hanya na ƙyalli kamar jiƙaƙƙiya amma ƙarar nan ta ɗauke ɗif, motar gaba kuma ba ta feso ruwa, sitiyari ya yi sakayau a hannu, to, a kan gilashi kake. Ya rage rediyo a irin wannan rana, ko da shirinmu ne ake yi. Ɗaya fuskar kuwa, mai tafiya a ƙasa da ya rufe kunnuwa da hular sanyi ba ya jin zuwanta. Shi ya sa dokar Turai ta tilasta wa sababbin motocin batir su riƙa fitar da wata ƙara in suna tafiya a hankali.

Sai batun caji, wanda shi ma na rai ne, ba na aljihu kaɗai ba. Sanyi yana rage kuzarin batir, kamar yadda babur ke yi mana gardama da asubar hunturu. Kuma injin mai yana fitar da zafi a banza, da shi ake ɗumama cikin mota kyauta. Motar batir kuwa daga cikin wutar tafiya take ɗiba ta ɗumama direba. Norwe ta fi kowace ƙasa sanin wannan, domin a shekarar 2024 kusan 9 cikin kowace sababbin ƙananan motoci 10 da aka sayar a ƙasar masu batir ne. Ƙungiyar masu motoci ta ƙasar, NAF, takan gwada motoci kowace shekara da sanyi, a tuƙa su har caji ya ƙare, kuma galibi nisan da suke yi yana gaza abin da kamfani ya rubuta da kashi 10 zuwa 30 cikin 100. A farkon Janairu na 2024 sanyi ya wuce digiri 30 ƙasa da sifiri a dajin da ke gefen Oslo, kuma a lokacin sanyin nan motocin bas masu batir na birnin sun sha wuya, caji na ƙarewa da wuri, aka soke zirga-zirga da dama. A cikin makon nan dai, a kudancin Suwidin, kimanin motoci 1,000 suka maƙale cikin dusar ƙanƙara a babbar hanyar E22, wasu har kusan kwana guda. Waɗannan yawancinsu ma masu shan mai ne. Abin nufi, duk wanda zai fita, ya fita da rarar da za ta ɗumama shi in hanya ta toshe. Dabarar ita ce a ɗumama batir da cikin mota tun tana jone da wuta a gareji, kada a bari caji ya yi ƙasa sosai kafin a nemi wani, sannan a ajiye bargo, safar hannu, shebur, tocila, ruwa da ɗan abinci. A hanyoyin kan duwatsu wani lokaci tsayar da motoci ake yi, a jira sa'o'i, sannan a tafi a jere bayan motar da ke share hanya. Abu ɗaya da mai batir ya fi mai shan mai a irin wannan hali, ba ta da hayaƙin da zai taru ya shaƙe mutum yana zaune a ciki.

Kada a manta da duhu. A watan Disamba hasken rana a Oslo kimanin awa 6 ne kawai, saboda haka rabin aikin yaronka cikin dare zai yi shi. Fitilun zamani ba sa zafi irin na da, ba sa narkar da dusar da ta manne musu, sai an sauka an goge. A share gilashi da madubai gaba ɗaya, ba 'yar taga ba, a kuma sauke wadda ta taru a rufin mota, don kada ta faɗo wa na baya. Ya kuma tuna cewa yana sauke kaya shago-shago, saboda haka motar da ya fita da ita da safe ba ita ce yake komowa da ita da yamma ba, nauyin da ke kan tayoyin baya ya ragu.

Alhaji, ka ce in gaya maka abin da za ka faɗa masa. Kada ka yi masa faɗa, direba ba ya son a ce bai iya ba. Ka sa jikanka ya ɗauki hoton wannan shafi ya aika masa. Sannan ka gaya masa, da bakinka na uba, cewa ranar da ya ga hanya ta fi ƙarfinsa ya sami wuri ya tsaya, ya buga wa wurin aikinsa waya. A dokar can, direba shi ke da alhakin tabbatar da cewa motarsa na da abin kama hanya, ba mai kaya ba, ba mai shago ba. In kaya sun makara, a ce maka sun makara. Ka gaishe mana da Hajiya, ka ce mata a can an fi shekara da shekaru ana jan manyan motoci a kan ƙanƙara ana komawa gida lafiya, kuma muna jiran wasiƙarku idan sanyin ya wuce mu ji yadda aka ƙare.

Masu tambayar taki, kun ji alkawari, da ku za mu buɗe mako mai zuwa. A huta lafiya.